Faƙon da Aka Ba Ma'u

Duk wanda ya bi hanyar Ɗan Kassari daga Tudun Kalgo ranar kasuwa, a kan kabu-kabu yake ko a amalanken jaki, sai ya wuce wasu rumbuna uku a bakin burtali. Rumbunan gari duk a bayan gari suke, cunkushe wuri ɗaya, kowa kusa da na danginsa. Waɗannan ukun su kaɗai ne a fili, an kafa su inda ba mai iya kauce wa ganinsu, kuma da gangan aka yi. Na Ma'u ne.

Asma'u ne sunanta na yanka, amma ba mai kiranta da shi sai takarda. Ubanta Ba'are ne, Bahaushen ƙasar nan, manomi. Bayan rasuwar matarsa ta fari, wadda ta bar masa ɗa ɗaya, Abdulmajid, sai ya auro Sahura daga rugar da ke sauka yamma da gari kowace rani. Gari bai yafe masa ba, ruga ba ta yafe mata ba. Su biyun sun daɗe da mutuwa sun huta, abin ya rage a kan 'yar da suka haifa.

Tana ƙarama, in an fita gaɗa a dandali, ita ce a ƙarshen layi, kuma 'yar Fulani ake ce mata. In ta je ruga wurin kawunta Buba, yayan uwarta, matarsa na da wata ƙwarya da take ratayewa daban, ita ake zuba wa Ma'u nono a ciki, kuma can sunanta Kaɗo. Da ta girma ta auri Nafi'u, mai sayar da kayan babur a Dogon Dutsi, ta sa dogon hijabi, ta shiga islamiyyar matan unguwa, ta ce yanzu kam ta samu wurin zama. Wata uku aka yi, wata ta gano cewa kakar Ma'u ta wajen uba tana da doguwa, aljanar bori, a kanta, har ana zuwa wurinta daga Matankari. Ba wadda ta ce mata komai. Tabarmi dai suka riƙa matsawa. Shekara tara tana karatu da tazarar kamu biyu tsakaninta da ta kusa da ita, a cikin matan da kullum ake karanta musu cewa musulmi ɗan uwan musulmi ne. Da mota ta kashe Nafi'u a kan kwalta, ta gama takaba, ta ɗaure kayanta ta koma Tudun Kalgo. Abdulmajid, wanda ya riƙe gandun ubansu, ya yanka mata gamana, 'yar gonar kanta, a jigawa mai kyau kusa da gari, aro, yadda ake yi wa mata.

Laifin Ma'u guda ne, kuma ba ta taɓa iya barinsa ba: ba ta ganin abu ta gefe ɗaya. In mata na zagin Fulani a bakin rijiya don shanu sun dagula wurin, sai ta ce dabbobin nan tun asuba suke tafe ba ruwa. In ta je ruga ana tsine wa manoma don sun toshe hanya, sai ta ce bakuna goma sha biyu ke ci a gonar nan. Gaskiya take faɗi duka biyun. Wa ke son jin ta? Mutum in ya fara zagi, mai taya shi yake nema. Shi ya sa ko a biki ko a zaman makoki, da ta zauna sai hira ta canza.

Amma suna da amfani da ita, kuma nan ne abin haushin. Kowace shekara bayan an saki gonaki, garken Buba kan sauko, ya kwana a gonar wannan sati biyu, a ta wancan sati uku. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba ruga damman hatsi. Ma'u ce ke ƙulla wannan. Ba don Buba ba ya jin Hausa ba, yana ji fiye da maigari. Sai dai dattijon ba ya roƙo, kuma ba ya hana mutum abu a gaban idonsa. Kowa ya je masa da buƙata, zai shimfiɗa masa buzu, ya yi masa fara'a, ya raka shi har bakin hanya. In ya yarda, washegari da safe zai aiko da ƙwaryar nono. In nono bai zo ba, magana ta mutu. Shekara goma sha ɗaya nonon nan ɗakin Ma'u yake zuwa, ita kuma ta bi gida gida ta faɗa wa manoma ranar kowa. Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take sani. Ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Sai shekarar ɓarna. Saura kwana shida a saki gonaki, shanu suka shiga gonar Abdulmajid da ke gefen burtali suka cinye masa wake. Aka taru ƙarƙashin bedi, darbejiyar ƙofar maigari, manoma ta gabas da sanduna, Fulani ta yamma da nasu. Sambo, ɗan Buba, wanda ke kiwon garken, ya rantse ba nasu ba ne, na wasu baƙi ne masu wucewa. Maigari ya aika aka kira Ma'u, aka tsayar da ita a tsakiya.

Maigari ya ce, "Ɗiyata, an ce kin je gonar da safe. Mi kika gani?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga sawun Wule. Kofatonta na baya a buɗe yake, ba saniyar da ke taka ƙasa haka sai ita. Inda Wule ta sa kai, garken Kawu na bayanta."

Manoma suka ɗau guna-gunin murna. Sambo ya tofar da yawu. Da ta tsaya nan, da a ranar ta zama 'yar gari. Ta san haka sarai. Amma bakinta ya ci gaba.

"Kuma na ga turakun siminti biyu na burtali kwance cikin kalgo. Waken da anka ci, rabinsa a kan hanyar shanu anka shuka shi."

Aka je aka duba, haka ne. Aka ɗora wa Sambo biyan ɓarna, aka tilasta wa Abdulmajid ya mayar da turaku ya janye gonarsa. Kowa ya tashi da asara, kuma kowa ya san wanda zai tsana. Buba ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa shanunsa ba za su sake kwana a gonar Tudun Kalgo ba. Sambo, wanda taubashinta ne, da a da in sun haɗu sai tsokana, ya wuce ta gabanta ya ce, "Kaɗo dai Kaɗo ce, ko da nonon wa ta sha." Ba da wasa ya faɗa ba.

Sati bai cika ba Abdulmajid ya tara liman da dattawa, wai lokaci ya yi da za a raba gadon ubansu, kowa ya san nasa. Shekara ashirin da mutuwar tsohon, sai yanzu tsoron Allah ya kama shi. Ya ce gamanar jigawa ta koma gandu. Rabon Ma'u kuwa, ga faƙon bakin burtali nan, in an auna da igiya ma ya fi abin da shari'a ta ba mace. Kowa a wurin ya san faƙon. Ƙasa ce ja mai tauri kamar daɓen ɗaki, ruwan sama in ya sauka a kanta gudu yake yi, ko tsidau ba ya tsirowa. Liman ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Abdulmajid ya ce, "Tunda burtali kika fi so da 'yan uwanki, ga shi nan, ki kwana kina gadinsa."

Ma'u ta nemi a ba ta kwana ɗaya. Da la'asar ta tafi faƙon ita kaɗai. Abin da za ta ci baɗi ke nan aka ƙwace. Mace mai shekara arba'in da 'yan kai, ba miji, ba gona, sai dai ta riƙa zuwa sussuka da shiƙa a gidajen mutanen da suka yi mata dariya, a sallame ta da tiya ɗaya. Ta taka wurin daga wannan gefe zuwa wancan. Da idon ubanta ta duba, ba komai sai ƙasa matacciya, amma ta ga zanen da ruwa ya bari inda yake gangarowa daga tudu, ruwa mai yawa da ke wucewa a banza. Sai ta duba da idon uwarta. Busasshen kashin shanu ne warwatse a gefen da ke kallon hanya. Wurin a tashe yake, iska na ratsa shi, ba ƙarangiya, ba kaska, kuma rijiyar makiyaya na nan ƙasa kaɗan. Shanu da kansu suna ratsewa su tsaya nan in an bar su. A duk karkarar babu makwancin garke kamarsa, kuma ba manomin da zai taɓa ganin haka, don manomi in ya dubi ƙasa, abin da za ta tsirar kawai yake tambaya.

Washegari ta koma gaban dattawa ta durƙusa.

"Yaya, na karɓa. Abu ɗaya nike so in ji a gaban Malam. Wanga faƙo, aro ne ko gado?"

Abdulmajid ya yi dariya har da buga cinya. Yana ganin in ya ce gado, ya rufe bakinta a kan jigawa har abada.

"Gado ne, Ma'u. Halak malak. Ke da shi har jikokinki, in kin samu abin ba su."

"To a rubuta."

Aka ƙara dariya, amma aka rubuta. Ranar kasuwa ta hau amalanke zuwa Ɗan Kassari, ta kai takardar meri, ofishin magajin gari, aka buga mata hatimi, ga sa hannun maigari, ga na liman, ga babban yatsan Abdulmajid shuɗi a ƙasa. Ta naɗe ta cikin leda ta sa a ƙasan akwati.

Daga nan ta nufi ruga. Ta zaɓi ranar da Buba ke da baƙi, surukansa da suka zo daga wajen Tibiri. Matar kawun ta ɗauko ƙwaryar nan ta daban. Ma'u ta sha, ta yi gaisuwa doguwa yadda ake yi, ta tambayi lafiyar mutane, ta tambayi ta shanu. Sannan, kamar hira, ta ce:

"Kawu, Wule ta tsufa. Zuriyar karsanar nan ce ko, wadda kakana ya ba inna ranar sunanta?"

Kowa a rugar ya san haka ne. Da Sahura ta auri manomi an riƙe saniyarta, da ta mutu ba wanda ya ambace ta, kuma yanzu zuriyar saniyar nan ta kusa kashi ɗaya cikin huɗu na garken. A gaban surukai, Buba ba ya iya musu, ba ya iya amsawa.

Sambo ya ce, "Kaɗo ta zo korar shanu ke nan? Da mi za ki ɗaure su, da igiyar guga?"

"Riƙe abinka, taubashi. Ku sha nonon, ku sai da bajiman, ban tambaye ku ba. Kashinsu nike so. A kafa dangwalin maruƙan gidan Wule a faƙona, rani duka."

Dangwali igiya ce doguwa da ake ɗaure maruƙa a jikinta. Inda aka kafa ta, nan uwaye ke dawowa da yamma, kuma inda Wule da 'ya'yanta suka kwanta, sauran garken ba ya kwana wani wuri. Buba ya san abin da ta roƙa ya fi abin da ta faɗa. Ya ce a hankali, "Ɗiyar ƙanwata, kin ji rantsuwar da na yi."

"Na ji, Kawu. Gona ka ce. Tahi Tudun Kalgo ka tambayi kowa ko faƙon nan gona ne. Har liman ya yi dariya."

Ta kuma san abin da dattijon ba zai taɓa faɗi ba: tun da ya yi rantsuwar nan bai da inda zai sauka kusa da ruwa, shanunsa na tafiyar rabin yini kafin su sha. Ya raka ta har bakin hanya. Da safe nono ya zo.

Ta kafa bukka a faƙon ta bar cikin gari. Shanu fiye da ɗari suka yi wata biyar suna kwana a kansa. Da zafin bazara ta ɗauki diga ta fara gina tassa, ƙananan ramukan nan da ake cika wa da taki don su tare ruwa, ɗaya bayan ɗaya, layi bayan layi. Digar na tashi daga ƙasar kamar ta bugi dutse. Tafin hannunta ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Masu wucewa kasuwa suna tsayar da jakuna su yi kallo. Matar Abdulmajid ta ce Ma'u na gina wa ɓeraye kaburbura. Ma'u ba ta ɗaga kai ba. Kowane rami da ta gina, akwai sunan wanda take tunawa, kuma sunayen ba su ƙare mata ba har ta kai ƙarshen faƙon.

Damina ta fari ta samu abin da ya kai ta rani da ƙyar, tana haɗawa da tafasa da zogale. Ta biyu, gara ta riga ta huda ƙasar ta ja takin ciki, ruwa ya daina gudu. Ta uku, hatsin faƙo ya fi mutum a kan jaki tsawo, zangarniya cike har baki. A shekarun nan kuwa gonakin gari ba su ga kashin saniya ba. Jigawa ƙasa ce mai cin taki, in ba a ba ta ba sai ta rame. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya mamaye ta da jan furensa, takin zamani kuma ya yi tsadar da sai mai ɗa a Lagos ko Kwatano ke sayensa. Ta kafa rumbu na farko, ta kafa na biyu, duka a bakin hanya.

Fulanin ma ba ta manta da su ba. Ta sayi ƙwarya sabuwa ta rataye a jikin danni, shingen karan bukkarta, nesa da sauran kayanta. Duk ranar da matar Buba ko Sambo suka shigo neman ruwan sha, ita take ɗaukowa. Ranar farko matar Buba ta riƙe ƙwaryar tana kallonta. Ma'u ta ce, "Sha mana, Inna. Ta baƙi ce. A wurinki na koya."

Kaka ta huɗu, abin da ta daɗe tana jira ya zo. Abdulmajid ya kai ƙara wurin maigari cewa faƙon na gandu ne, aro ya ba ƙanwarsa don tausayi, kuma ƙasar da mace ke nomawa gida take komawa. Aka sake taruwa ƙarƙashin bedin nan. Dattawan da suka yi dariya shekara huɗu da suka wuce duk suna nan, kuma ta ga a fuskokinsu cewa sun shirya mantuwa. Wani ma har ya fara cewa shi dai bai tuna an ambaci gado ba.

Ma'u ta kwance ledar a hankali. Ta yi lakkwal, makarantar boko, har aji shida, don haka ba ta ba kowa ya karanta mata ba. Ta karanta da Faransanci, ta mayar da Hausa, ta ɗaga takardar ta zagaya da ita gaban kowane dattijo, ta tsaya a gaban liman.

"Malam, wanga sa hannu naka ne ko na aljani?"

Liman ya ce nasa ne.

Ta juya wurin yayanta. "Yaya, ga yatsanka. Halak malak ka ce, ni da shi har jikokina, in na samu abin ba su. To na samu."

Maigari ya ce magana ta ƙare. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Bayan kwana uku Abdulmajid ya zo faƙon da hantsi, shi kaɗai, ya tsaya a bakin danni ya yi sallama kamar baƙo. Ya rame. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da buƙatarsa: ta yi wa kawunta magana, ko sati biyu ne shanu su kwana a jigawa, in ba haka ba baɗi gidansa ba zai kai damina ba.

Ta dube shi, kuma ciwon nan nata ya motsa. Ta ga abin ta gefensa sarai. Ta ga bakuna goma sha biyu. Ta ga yaron da uwarsa ta mutu aka kawo wata daga ruga ta zauna a ɗakinta. Ta ga mutumin da aka kunyata gaban gari sau biyu, duka ta bakin ƙanwarsa. Duk ta gani, ba abin da ya ɓace mata. Shekara arba'in tana gani tana faɗi, ana matsar da tabarma. Wannan karon ta gani ta riƙe abinta.

"Yaya, ni 'yar gadin burtali ce, kai ka naɗa ni. Ga Kawu can wajen dangwali, yana jin Hausa."

Ya tafi da kansa. Daga inda take tana hango su. Buba ya shimfiɗa masa buzu, ya yi masa fara'a, suka daɗe, ya rako shi har bakin hanya yana riƙe da hannunsa. Abdulmajid ya wuce ta gaban bukkarta kafaɗa a sama, ya ce, ba tare da ya tsaya ba, "Ashe ba sai da ke ba."

Ta ce, "Allah shi ba da sa'a."

Ya koma gari ya ba da labari cewa sun shirya da Fulani. Ya hana a kwashe karan jigawa, ya ware damman da zai ba ruga daga ɗan abin da ya rage masa, ya gyara wurin da garke zai kwanta. Da safe Ma'u ta zauna a ƙofar bukkarta tana kallon hanyar da ta tashi daga ruga zuwa gari. Mata biyu sun bi ta da tallan nono, sun wuce kasuwa. Ba wadda ta ratse gidan Abdulmajid da ƙwarya.

Ya jira sati, ya jira wata. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce suna nan tafe, dattijon da bakinsa ya yi masa fara'a. Ita kuwa ta kira magina, suka kafa rumbu na uku, ta ce su matsar da shi kusa da hanya kaɗan.